Godiyar Iyali Ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana A Rashin Baba

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da sauran dangi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya tare da mu tun daga ranar da ciwo ya kwantar da Baba har zuwa ranar da muka raka shi makwancinsa. Mun so a ce mun bi kowa har gida, amma yawan waɗanda suka zo da ƙafarsu, da waɗanda suka bugo waya, da waɗanda suka aiko da saƙo daga nesa ya fi ƙarfinmu, don haka muna roƙon kowa ya ɗauka cewa a ƙofar gidansa muka tsaya muka faɗi wannan magana.

Likitoci da ma'aikatan jinya sun yi iya bakin ƙoƙarinsu, kuma mun shaida. A cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba za mu manta da ita ba, wadda ta lura cewa Baba ba ya samun natsuwa sai in ya juya fuskarsa wajen taga, ta nemi izini aka matsar da gadonsa can. Mutumin da ya yi yawancin rayuwarsa a fili, kwanciya tsakanin bango huɗu ta fi masa ciwon zafi, kuma daga wannan taga ce ya ci gaba da gaya mana sunan duk tsuntsun da ya sauka a kan bishiyar da ke waje, har muryarsa ta yi rauni. Haka nan maƙwabtanmu, waɗanda suka riƙe mana gida da yara a watannin da muke kwana a asibiti, Allah ya saka musu da alheri.

Sai abokan tafiyarsa na daji da bakin ruwa. Ku ne kuka ba mu abin da ba mu sani muna buƙata ba, wato labarin Baba a wuraren da ba mu je tare da shi ba. Kun ce bai taɓa barin zango ba sai ya ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne na ƙarshen tashi, domin sai ya zuba wa wuta ruwa, ya tona tokar da sanda, ya kara bayan hannunsa ya tabbatar babu sauran ɗumi. Kun ce ba ya ɗaga makami a kan dabba mai ciki ko mai shayarwa, kuma in an shiga lokacin haihuwar namun daji yakan rataye kayan farautarsa ya koma fatsa. Wani dattijo daga cikinku ya ɗage ƙafar wandonsa a gaban jama'a ya nuna mana tabon saran maciji, ya ce a ranar kowa ya ruɗe, wasu na cewa a tsaga wurin, wasu na cewa a ɗaure da igiya tamau, Baba ya hana duka biyun. Ya ɗora ƙafar a kan itace don kada ta motsa, ya goya shi har bakin hanya, bai rabu da shi ba sai da aka yi masa allurar kashe dafi a asibiti. Shekara da shekaru muna zaune da Baba bai taɓa ba mu wannan labari ba.

Abin da kuka faɗa bai ba mu mamaki ba, domin mutumin da kuka sani a daji shi ne wanda muka sani a gida. Kowane dare sai ya leƙa ɗakunanmu ya ga kowa ya shigo kafin ya kulle ƙofa, kamar yadda yake ƙirga ku a zango. Duk son da yake yi wa tafiya, in ɗayanmu ya tashi da zazzaɓi yakan kwance jakar da ya riga ya ɗaure, ba tare da ya nuna wa yaron cewa ya hana shi wani abu ba. Bai bambanta 'ya'yansa maza da mata wajen koyarwa ba, kuma ƙanwata ta fi mu duka iya ɗaura ƙugiya.

Ina tuna wata safiya, ina ɗan shekara 9, da na kama karfasa mai girma ina ta murna. Baba ya karɓe ta da jiƙaƙƙen hannu, ya dubi maƙoshinta da ya kumbura, ya buɗe bakinta a hankali ya ce in leƙa. Cike yake da ƙwai. Ya bayyana mini cewa macen wannan kifi a bakinta take renon ƙwanta da ƙananan 'ya'yanta, kusan mako 2 ba ta cin abinci, sannan ya cire ƙugiyar ya mayar da ita ruwa. Na yi kuka a ranar, shi kuwa bai yi mini faɗa ba, sai ya zauna kusa da ni ya sake sa mini tana, muka ci gaba da jira. Shi ne kuma ya nuna mana tauraron arewa da ba ya barin wurinsa, don kada mu ɓata in dare ya riske mu, ya sanar da mu cewa Zara da ake gani da magariba da Gamzaki na asuba tauraro ɗaya ne. Da wata yake tsara tafiyarsa, yana lissafin kwana 29 da rabi daga tsayuwa zuwa tsayuwa, domin ya fi son kwanan daji a farin wata.

Mahaifiyarmu ta ce in isar da godiyarta ta musamman ga matan da suka zauna da ita a kwanakin farko, waɗanda suka san lokacin magana da lokacin yin shiru. Wanda ya zo bai samu tarbar da ta dace da shi ba, ko ya kira ba a ɗauka ba, muna neman afuwarsa, hankalinmu ne ba ya jikinmu. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya mayar wa kowa da ladan zumunci.

Ga Baffa, amininsa na tafiya, wanda ya dawo mana da sandar fatsar da Baba ya bari a wurinsa tun kafin ya kwanta: mun ji tayin da ka yi na ɗaukar jikokinsa zuwa bakin ruwa in hutun makaranta ya zo, mun kuma karɓa da hannu biyu. Babban cikinsu ya riga ya sauko da jakar kakansa daga inda take rataye, yana ta goge ƙugiyoyin da suka fara tsatsa.