Rassa bakwai daga wardin Mama

Tun raɓa ba ta bushe ba na ɗauki almakashi na nufi gindin wardin da Mama ta dasa. Ya tsufa, ƙasansa ya fara bushewa, kuma tun bara nake fargabar wata rana in tashi in tarar babu shi. Iri ba zai maido mini da shi ba, don wardin da ya tsiro daga iri ba lallai ya ɗauko launi da ƙamshin uwarsa ba. Reshe kuwa, idan ya kama, shi ɗin ne sak.

Na zaɓi rassan da furensu ya gama zuba kwanan nan, masu kaurin fensir, ba ɗanyu shataf ba, ba kuma waɗanda suka zama ice ba. Kowanne na yanka shi tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, da gaɓa huɗu a jikinsa. Yankan ƙasa a karkace na yi shi, dab da ƙasan gaɓa, domin a nan saiwa ta fi saurin fitowa. Na cire ganyen ƙasa duka, na bar biyu a sama. Ƙaya ta soke ni sau uku, ban ma ji ba sai da na ga jini.

Kafin in dasa, na tsoma gindin kowanne a ruwan cikin ganyen alobera, uku kuma na shafa musu zuma da ɗan garin kirfa don in gwada. Mutane na cewa zuma ce ke fitar da saiwa. Ni dai abin da na fahimta, aikinta tsare wurin yankan ne daga ƙwayoyin da ke ruɓar da shi, saiwa kuma reshen ne ke yin abarsa. Dabarar soka reshe cikin dankali kam na bar ta. Na gwada bara, dankalin ya ruɓe, reshen ya bi shi.

Amma gaskiya ba dankali kaɗai ya kashe na bara ba, har da hannuna. Safe da yamma nake kwara musu ruwa, ina ɗauka kulawa ce, har gindinsu ya yi baƙi ƙirin. Wani kuma da ya yi toho, murna ta sa na tumɓuke shi in ga saiwa, ashe abincin da ke jikin reshen ne ya fito da ganyen, ƙasa babu komai. Har yau abin yana ci mini rai.

Don haka yau na haɗa yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki, rabi da rabi, a tukwane masu huji a gindi. Na huda rami da tsinke don kada ƙasa ta goge abin da na shafa, na binne gaɓa biyu, na danne gefe. Na yanke gindin gorunan roba na kifa a kansu saboda danshi, na jera su a inuwa mai haske inda rana ba ta dukansu kai tsaye.

Sai nan da mako 4 zuwa 8 zan ɗan ja ɗaya a hankali in ji ko ya riƙe ƙasa. Da magariba na leƙa, gumi ya taru a jikin gorunan, ganyen duka bakwai a miƙe. Na tsoma yatsa a ƙasar, da sauran laima, sai na mayar da butar ban zuba ba.