Kogi ɗaya, gada iri biyu: tsakanin Adomi da Sogakope

A watan Maris na 2014 hukuma ta rufe gadar Adomi da ke kan kogin Volta a Ghana domin gyara, ba a kuma sake buɗe ta ba sai a watan Disamba na 2015. A cikin wannan tsakani ne tafiya ta kama mu daga unguwar Nima ta Accra zuwa Zangon Hohoe wurin wani ɗaurin aure, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota a wannan hanya kafin raunin ido ya sa ya ajiye aikin. Mun bar gida bayan sallar Asuba, muka isa Senchi da hantsi, amma ba mu taka ɗaya gaɓar ba sai bayan La'asar, domin motoci sun yi layi mai tsawo suna jiran jirgin fito, shi kuwa jirgin ba ya ɗaukar fiye da abin da cikinsa zai iya. Ina ta ƙorafi, Kawu yana jan carbinsa, can ya dube ni ya ce, "Kai yaro, haka kakanka ya riƙa ƙetare ruwan nan a wannan wuri kafin a yi gadar, kuma shi bai taɓa ganin abin mamaki ba ne." Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda aka gina wannan gada da dalilin da ya sa aka ba ta siffar da take da ita.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya sa aka bar Senchi, inda hanya da mashigi suke tun asali, aka hau gaba zuwa Atimpoku? Amsar tana wurin ga duk wanda ya tsaya ya duba da kyau. A nan ne kogin Volta yake matsewa tsakanin tuddai, gaɓoɓinsa biyu kuma suna da dutse mai ƙarfi a ƙarƙashi. Mai zana gada ba ya fara tunanin siffa sai ya san faɗin ruwa, da zurfinsa, da iyakar inda ambaliya take kaiwa, da kuma irin ƙasar da za ta ɗauki nauyin. Inda ruwa yake da zurfi da ƙarfin gudu, kafa ginshiƙai a tsakiyarsa aiki ne mai tsada da haɗari, saboda haka idan Allah Ya hore dutse a gefe da gefe, dabara ita ce a tsallake kogin gaba ɗaya da baka guda, a bar wa duwatsun aikin riƙewa. Abin da aka yi ke nan a Adomi: bakan ƙarfe mai faɗin mita 245 daga gindi zuwa gindi, tsawon gadar duka kuwa mita 334, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa.

Mutane da yawa suna kiran ta gadar rataye, don suna ganin igiyoyin ƙarfe sun sauko daga sama sun riƙe daɓen da motoci ke bi. Gaskiya ne daɓen a rataye yake, amma abin da ke ɗauke da shi baka ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. A gadar rataye ta ainihi, irin Golden Gate ta Amurka, manyan igiyoyi biyu ne suke ɗaukar komai, nauyi yana jan su kamar yadda guga ke jan igiyar rijiya, shi ya sa ake ɗaure bakinsu a cikin tulin kankare a kowane gefe. A Adomi kuwa nauyin mota yana bin ƙananan igiyoyin ya hau zuwa bakan, bakan ya danne, ya tura ƙafafunsa biyu ƙasa da kuma waje, wato yana neman buɗewa, dutsen gaɓa ya hana shi. Da ƙasar wurin laka ce ko yashi, da ƙafafun sun zame tun tuni.

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Kano ko Zariya ya ɗaga kai, ya riga ya ga wannan hikima a bakan gizon da maginanmu ke yi da azara da ƙasa. Magini yana fito da azara daga bango ta wannan gefe da wancan, yana ɗora wata a kan wata yana ɗaurewa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har hannuwan biyu su gamu a tsakiya. Da irin wannan tsari ake kafa manyan bakunan ƙarfe a kan ruwan da ba za a iya tokare su daga ƙasa ba. Ana fara rabi daga kowace gaɓa, a riƙe shi ta baya da igiyoyin wucin gadi da aka ɗaure a ƙasa, a riƙa ƙara guntu bayan guntu a sararin sama, har ranar da rabi biyun za su haɗu. Kafin wannan rana kowane rabi yana rataye ne da taimakon igiyoyin baya. Bayan an haɗa su sai a sassauta igiyoyin, bakan ya tsaya da kansa. Ina ganin babu lokacin da ya kai wannan tsinka zuciyar injiniya, domin kuskuren awo kaɗan a gindi yakan zama babba idan an yi nisan mita ɗari a sama.

Kamfanin Dorman Long na Ingila ne ya yi aikin tsakanin 1955 da 1956, kuma ba baƙo ba ne a harkar baka, don shi ne ya gina babbar gadar tashar ruwan Sidni ta Ostareliya da aka buɗe a 1932. Zanen ya fito ne daga hannun William Brown na kamfanin Freeman Fox, injiniyan da daga baya ya yi aiki a kan gadar Bosforus ta Istambul, wadda ta haɗa Turai da Asiya a 1973. Kwame Nkrumah ya buɗe gadar a watan Janairu na 1957, yana Firayim Ministan Gold Coast, wato Ghana ta yau, saura makonni a sami mulkin kai ranar 6 ga Maris. Wani abin lura shi ne, ana tsakiyar ginin ne, a watan Mayu na 1956, mutanen yankin Togo da ke hannun Ingila suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi haɗewa da Gold Coast. A ganina ƙuri'a ta haɗa yankunan a takarda, amma manomin koko na Hohoe da Jasikan ya fi jin haɗewar a ranar da motar kayansa ta daina kwana a Senchi. Madatsar Akosombo da ke ɗan gaba kaɗan ma ƙanwar gadar ce, don sai a 1961 aka fara ta, aka gama a 1965. Masu shekaruna za su tuna hoton gadar a jikin tsohuwar takardar Sidi 2,000, wadda ta koma daidai da Pesewa 20 bayan canjin kuɗi na 2007. Kawu yana da guda ɗaya a cikin akwatinsa har yau.

Akwai wani abu game da gadar da ban yarda da shi ba sai da na yi lissafin da kaina, wato cewa kullum tana motsi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya takure idan ya yi sanyi, kimanin milimita 12 a kowace mita 100 idan zafi ya ƙaru da digiri 10. A tsawon mita 245 wannan ya kai kusan santimita 3, kuma bambancin digiri 10 tsakanin asuba da azahar ba wani abu ba ne a ƙasar nan. Da an daddatse ƙarfen ta ko'ina an hana shi wannan numfashi, da ya nemi hanya da ƙarfi, ko ya lanƙwashe ko ya fasa abin da ya tare shi. Saboda haka aka zaunar da kowace ƙafar bakan a kan mahaɗi mai juyawa, kamar gwiwar mutum, domin ƙwanƙolin bakan ya ɗan ɗaga da rana ya ɗan sauka da dare, aka kuma bar tsaga a bakin daɓen ta kowane gefe aka rufe ta da ƙarfe. Ƙarar da kake ji a ƙarƙashin taya lokacin hawa gada da lokacin sauka, ta wannan tsagar ce.

Abin da ya gajiyar da gadar har aka rufe ta, Kawu ya san shi fiye da ni, kuma bai ɓoye nasa laifin ba. Ya ce a zamaninsu direba ba ya ƙin kaya in dai mota za ta iya tashi, buhunan siminti ko doya ko masara a loda har ƙarfen baya ya kwanta. An zana gadar ne bisa nauyin motocin shekarun 1950, sai ga ta tana ɗaukar tireloli dare da rana fiye da shekara hamsin. Ƙarfe kuwa yana da wata ɗabi'a da kowane yaro ya sani: idan ka riƙa lanƙwasa waya kana miƙarwa, ba a karo na farko take karyewa ba, amma za ta karye. Kowace babbar mota tana ɗan lanƙwasa ƙarafan da ke kwance a ƙarƙashin daɓen, su koma daidai bayan ta wuce, har tsaga siririya ta ɓullo a wurin haɗi ta riƙa tafiya a hankali. Irin waɗannan tsagogi aka gano, aka fara da taƙaita nauyin motocin da za su hau, daga baya aka rufe ta aka sauya daɓen da igiyoyin da ke riƙe da shi, da taimakon kuɗi daga ƙasar Ostiriya. Bakan kansa, na 1956, shi ne dai yake tsaye.

Wanda ya bi hanyar Accra zuwa Aflao da Lome zai ƙetare wannan kogi a Sogakope, kuma da ƙyar zai yarda ruwa ɗaya ne. A nan Volta ya kusa shiga teku a Ada, ya baje a fili, babu tudu babu dutsen da zai tokare baka. Gadar da aka gama a wurin a 1967 tana da tsawon mita 650, kusan ninki biyu na Adomi, amma ba ta da abin da za a ɗauki hotonsa, sai daɓen kankare a kwance a kan jerin ginshiƙai. Na daɗe ina raina ta, sai daga baya na gane cewa wahalarta tana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Kankare yana jure danni ƙwarai amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi a inda zai miƙe, wato ƙasan daɓe tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Babban abokin gabar irin wannan gada kuwa shi ne ruwan da kansa, domin idan ya taras da ginshiƙi sai ya kewaye shi da sauri yana yashe ƙasar gindinsa, musamman lokacin ambaliya, don haka dole tushen ya nutse ya wuce iyakar inda ruwa zai iya tonowa. A 2023, da aka saki ruwa daga Akosombo ya mamaye Mepe da garuruwan da ke kewaye, abin da na riƙa tunawa ke nan duk lokacin da na ga hoton ruwan ya taso a jikin waɗannan ginshiƙai.

Mu mutanen zango muna da dalili na musamman na kula da inda ake kafa gada, domin kakanninmu fatake sun san cewa mashigi shi ke yin kasuwa. Ayarin goro daga ƙasar Asante yakan bi ta Atebubu ya ƙetare Volta a Yeji ya shiga Salaga, inda madugai daga Kano da Sakkwato da Barno suke sauka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi, amma duk da haka hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta ci gaba da bi ta Yeji da Salaga a zamanin Turawa, da jirgin fito a tsakani. Da tafkin Volta ya cika bayan an datse Akosombo, ya ci fili kimanin murabba'in kilomita 8,500 ya tashi mutum kusan 80,000, sai mashigin Yeji ya zama ruwa mai faɗin da ba a maganar gada a kansa cikin sauƙi. Babbar hanyar arewa ta koma ta Techiman da Kintampo, ta haye Baƙin Volta a Buipe da Farin Volta a Yapei, inda kogunan suke da faɗin da gada za ta iya. Techiman da Kintampo suka samu motoci da fasinja, Salaga kuwa ta koma gefe, mai zuwa can ta Yeji har yanzu sai ya jira jirgin fito mai zuwa Makango. A ƙarshen 2017, da aka rufe gadojin Buipe da Yapei na ɗan lokaci domin gyara, masu kawo albasa da tumatir da shanu daga arewa sun ɗanɗana irin abin da muka ɗanɗana a Senchi.

Bayan an buɗe Adomi mun sake bin hanyar ni da Kawu, wannan karon domin ta'aziyya. Muka sauka a Atimpoku da sassafe, masu tallar abolo da ƙananan kifi suka kewaye motar, mu kuwa muka hau gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa. Wata babbar mota ta shigo, na ji gadar tana rawa a tafin ƙafata, na kama ƙarfen gefe. Kawu ya yi dariya ya ce, "Saki, yaro, aikinta take yi." Ya durƙusa a bakin tsagar nan ta ƙarshen daɓen, ya auna ta da tsinken ashana, ya sa farce ya yi alama a jikin tsinken ya jefa shi a aljihu. Washegari da muka dawo daga Hohoe, rana tsaka bayan Azahar, ya sa direba ya tsaya, ya fito da tsinken ya sake aunawa, ya miƙo mini in gani. Tsagar ta matse da kusan faɗin ɗan yatsa.