Abin da karatun Hobbes da Locke ya koya mini

A shekarata ta biyu a jami'a aka ba mu aikin rubutu kan ra'ayin da ke cewa hukuma tana samun halaccinta ne daga yarjejeniya tsakanin mutane. Na haddace sunaye da shekaru, na rubuta cewa a ganin Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, mutane sun taɓa taruwa suka ƙulla alkawari. Malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta a gefe: "A wane gari aka yi taron?" Tambayar nan ce ta sa na ajiye takardun da ake kwafa mana, na nemi littattafan kansu.

Sai na gane cewa ba tarihi Hobbes yake bayarwa ba. Ya wallafa littafinsa Leviathan a 1651 yana zaman gudun hijira a Faransa, yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Ingila, an kuma fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Abin da ya fi taɓa ni shi ne hujjarsa cewa in babu mai mulki, ko ƙaƙƙarfa ba shi da kwanciyar hankali, domin rarrauna na iya kashe shi ta hanyar dabara ko haɗa baki da wasu. Tsoro ne ya sa ya yarda a miƙa wuya ga shugaba guda. John Locke kuwa, a littafinsa na 1689, ya ɗauki mulki a matsayin amana, wadda in shugaba ya ci ta, jama'a na da ikon tsige shi, kuma wannan tunani ya fito fili a takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776. Wani masanin falsafa, Jean-Jacques Rousseau, ya zo a 1762 ya mayar da ikon gaba ɗaya hannun jama'a.

David Hume ya soki tushen maganar, yana cewa talakan da ba shi da halin barin ƙasarsa tamkar wanda aka ɗora a jirgin ruwa yana barci ne, ba za a ce ya amince da mulkin matuƙin jirgin ba. Na daɗe ina ganin sukar nan ta rushe komai, sai da na karanta John Rawls, wanda a 1971 ya fito ƙarara ya ce yarjejeniyar ta zato ce: waɗanne ƙa'idoji za ka zaɓa in ba ka san ko attajiri ko matalauci za ka kasance ba? A nan na ga tambayar Hobbes ta dawo, amma adalci take nema, ba tsira da rai kaɗai ba. Na sake rubuta aikin daga farko, na buɗe shi da jirgin ruwan Hume.