Faɗuwa ake fara koya kafin naushi

Ɗalibin da ya shigo ƙungiyarmu ta koyon kare kai kyauta a makaranta ranar farko, naushi yake so a koya masa. Ba laifinsa ba ne, wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya saba ganin ɗan dambe ya naɗe hannu da zare, kalangu na tashi. Amma aikin nan ya koya mana cewa makonni uku ko huɗun farko na faɗuwa ne. 'Yan judo, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, da ita suke farawa.

Daga zaune ake somawa. Mutum ya kafe haɓarsa a ƙirji, ya lanƙwasa baya, ya mirgina, hannuwa biyu su doki shimfiɗa a miƙe, ɗan nesa da cinya. Sau goma. Idan ya iya, sai daga tsugune, can daga baya a tsaye. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tokare ƙasa da tafin hannu. Nauyin jiki duka ya sauka a wuyan hannu, a samu targaɗe ko karaya, wani lokacin gwiwar hannu ta goce. Wanda kuma ya saki haɓa, ƙeyarsa ce za ta bugu. Duk wanda kansa ya bugu ya ji jiri ko amai, ya gama atisaye ranar, sai asibitin makaranta, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Ƙungiyar kyauta ba ta da kuɗin katifun wasa, a nan ake yawan yin gangancin jera tsofaffin katifun ɗakin kwana. Ƙafa tana nutsewa a cikinsu, idon sawu ya murɗe, yatsa ya maƙale a tsakanin biyu. Gara filin yashi irin na kokawa, a tsince duwatsu da kwalabe, a yayyafa ruwa saboda ƙura. Siminti kam, a'a.

Atisayen awa ɗaya da rabi, bayan la'asar, ya isa, sau biyu a mako, minti 15 na farko na ɗumama jiki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a sha ruwa duk bayan minti 20. Da azumi a rage ƙarfi ko a koma bayan asham. Mai koyarwa ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum 15, idonsa ba zai kai ba. Kafin a rubuta sunan kowa, a tambaye shi sikila, asma da farfaɗiya, a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Ɗalibai mata sun fi zuwa idan ajinsu daban ne, mace ke koyarwa. A cire fil ɗin hijabi da 'yan kunne, a sa ƙaramin hijabi, domin dogon yana harɗe ƙafa. Abin da ya fi musu amfani shi ne kwance riƙo: idan an kama wuyan hannu, a juya shi ta inda babban yatsan mai riƙon ya haɗu da sauran, a fizge da ƙarfin ƙugu, a ɗaga murya, a gudu. Idan duka ya zama dole, a yi da gindin tafin hannu, don dunƙulen da bai saba ba ƙashin bayan ƙaramin yatsa yake karyawa.

Batun wuƙa kuwa ba ma sassautawa. Bidiyon ƙwace wuƙa da ke yawo a TikTok yawanci wasa ne da aka shirya da abokin da ba ya turjewa. Ɗalibi ya yi wata biyu yana atisaye, ya fara jin ƙarfi, sai kauraye su tare shi a lungu bayan magariba ya ce zai gwada. Muna sa su maimaita wannan ma kamar yadda suke maimaita faɗuwa: jefa wayar gefe guda, ka ruga ɗaya gefen, inda haske da mutane suke.