Ɗan gida ko baƙo: yadda muka zaɓi sabon koci a kulob ɗin unguwarmu

Kulob ɗinmu ƙarami ne, na unguwa, a nan Damagaram, irin wanda ba a jin sunansa a rediyo sai lokacin gasar babban hutu. Ni ne magatakardan kwamiti, wato ni ke riƙe da littafin karo-karo, ni kuma ake zagi idan ƙwallo ta fashe ba a sayi wata ba. Kocinmu, wanda kowa ke kira Baba, ya horar da wasu daga cikin iyayen yaran da ke buga mana yanzu. Da ciwon gwiwa ya matsa masa, sai ya ce mu nemi wani. Aikin ba albashi, kuɗin man babur ne kawai, amma sai ga unguwa ta rabu biyu a kansa.

Mutum biyu suka nuna sha'awa. Na farko tsohon kyaftin ɗinmu ne, ɗan kabu-kabu, a hannun Baba ya tashi tun yana buga ƙwallon tsumma, ba gidan da bai sani ba a unguwar. Na biyu malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, aiki ya kawo shi daga Maraɗi, ya yi kwas ɗin horarwa kuma yana da takarda.

A fadarmu, da zarar an ɗora shayi, sai maganar ta tsallaka Turai. 'Yan Barcelona su ce ai a 2008 Guardiola daga ƙaramar ƙungiyar kulob aka ɗauko shi, a shekararsa ta farko ya ci La Liga da kofin sarki da na zakarun Turai. Magoya bayan Liverpool su kawo Bob Paisley, mataimakin Shankly da ya gaje shi a 1974 ya ci kofin Turai sau 3. Sai ɗan Chelsea ya ce Lampard fa, ɗan gida na gaske, an sallame shi a Janairun 2021, Tuchel Bajamushe ya zo ya ɗauki kofin zakarun Turai a watan Mayu da 'yan wasan nan dai. Ɗan Arsenal kuma ya tuna mana cewa Wenger daga Japan aka ɗauko shi a 1996, mutanen Landan ba su ma san shi ba. Kowa na da misalinsa a aljihu, kuma duk gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya kayar da wani.

Dattawan kwamiti ba ruwansu da Turai. Su abin da ke ransu Mena ne, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo, har CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Ana dab da gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis ya ba da shawara, bayan Gabon ta ci mu 2-0 a wasan farko ragama ta koma hannunsa, muka dawo gida ba maki ko ɗaya. Wannan ciwon bai warke ba a zukatan masu shekaru. Na ce musu, da ladabi, Maraɗi dai ba Faransa ba ce, amma wani Alhaji a cikinsu ya ce: "Yaro, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mu al'adar kulob ɗin nan muke karewa."

Wannan kalmar ce ta sa na ɗauki littafina na shiga tambayar mutane, mece ce al'adar tamu? Matasa suka ce gajeren fasin, ba ni in ba ka, kamar yadda suke gani a gidan kallo. Waɗanda suka buga shekarun baya suka yi dariya, suka ce a zamaninsu doguwar ƙwallo ake cillawa gefe a bi ta da gudu, don filinmu yashi ne da tsakuwa, ƙwallo ba ta tafiya a ƙasa yadda kake so, in hunturu ya zo kuma iska ke raba gardama. Wasu suka ce launin riga, alhali na san launin ya sauya sau da yawa, gwargwadon wanda ya ba da kyautar rigunan. Masu tuna 1984, shekarar da Espoir ta Damagaram ta ci gasar ƙasa, suka ce al'ada ita ce zuciya. Zuciya kuwa ba a rubuta ta cikin sharaɗin ɗaukar koci.

Sai na je wurin Baba bayan la'asar. Na same shi a zaure, ƙafa miƙe kan buzu, yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallo da basilla. Na ce: "Baba, wa kake so ya gaje ka?" Bai ɗago kai ba ya ce: "Wannan ba nawa ba ne, ɗana. Tambaye ni abin da ban taɓa yarda da shi ba." Ya lissafo su yana jan zare. Bai taɓa sa ɗan haya ba, wato ɗan wasan da ake ɗaukowa daga wani gari a biya shi don gasa kawai. Bai taɓa rage wa yaro shekaru a takarda ba. Kafin kiran magariba an tashi daga fili, ko da wasan share fage ne ake tsaka da shi. Yaron da ya gudu daga makaranta ko daga shagon ubangidansa ba ya sa riga a makon nan, ko shi ne mai cin ƙwallaye. In kuma yaro ya ji ciwo, koci da ƙafarsa yake raka shi gida ya yi wa iyaye bayani. Ko sau ɗaya bai ambaci salon wasa ba.

Duk wanda ya san garin nan ya san dalili. Iyaye na tsoron 'ya'yansu su faɗa cikin 'yan palais, wato gungun matasa 'yan daba, kuma uwa ba ta sakin ɗanta da yamma sai ta san hannun wa zai shiga, da lokacin da zai dawo. Abin da kulob ɗinmu ya tara a tsawon shekarun Baba ke nan, don kofunanmu ba su cika kan tebur ɗaya ba. A nan ne ni ma na samo misalina na Turai, na kai fada. Athletic Bilbao ta Sifaniya ba ta sa ɗan wasa sai ɗan yankin Basque ko wanda ya tashi a can, kuma ba ta taɓa faɗuwa daga rukunin farko ba. Amma koci, daga ko'ina take ɗauka: Heynckes Bajamushe ya horar da ita, Bielsa ɗan Ajantina ya kai ta wasan ƙarshe na Europa a 2012. Sun san abin da ba a taɓawa, sauran kuma sun bar wa mai aikin.

Muka rubuta sharuɗɗan Baba a takarda ɗaya, muka ba kowane ɗan takara fili ya horar da yaran muna kallo, sannan muka zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Horon malamin ya fi tsari nesa ba kusa ba. Ya zo da gorunan roba cike da yashi ya jera su a matsayin alama, ya raba yara rukuni-rukuni, ba wanda ya tsaya yana jiran layi. Kyaftin kuwa gudu ya sa su zagaye fili, sannan aka raba riga da ba riga aka buga, kamar yadda aka yi masa. Amma ya san wanda bai ci abincin rana ba, ya san wanda mahaifinsa ke kwance.

A zaman tambayoyi kowa ya yi tuntuɓe a nasa wurin. Na tambayi kyaftin, in mun kai wasan kusa da na ƙarshe, wani mai kuɗi ya ce zai kawo mana 'yan wasa biyu daga waje, me zai yi? Ya ce: "Yaya, gaskiya zan faɗa maka, kowa na yi, mu kaɗai ake ci da tsoron Allah." Na ji daɗin gaskiyarsa, amma dattawan da ke goyon bayansa suka yi tsit. Malamin ya ƙi ɗan haya kai tsaye, sai dai jadawalinsa ya sa horo mai nauyi ranar Alhamis, ranar babbar kasuwar garin nan, lokacin da yawancin yaranmu ke taya iyayensu a Kasuwar Dole. Bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Bambancin da na gani shi ne, ranar kasuwa ana gaya wa mutum ya gyara a take, ra'ayi kan ɗan haya kuwa ba ya sauyawa da magana ɗaya.

Aka kaɗa ƙuri'a, malamin ya ci da ƙyar. Muka ba shi kaka biyu, muka rubuta cewa shi kaɗai ke fitar da sha ɗayan farko, ba ɗan kwamitin da zai aiko da sunan ɗan ƙanensa. Kyaftin muka roƙa ya zama mataimaki, hulɗa da iyaye na hannunsa. Ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, Baba ne ya aika aka kira shi. Shi Baba da kansa ya ce ba zai zauna a benci ba, daga bakin fili zai kalla, don in yana kusa yara shi za su riƙa duba kafin su bi umarni. Mun ga yadda David Moyes ya ƙare a Manchester United: tsohon kocinsu Ferguson ne ya nuna shi a 2013, aka ba shi kwantiragin shekara 6, bai cika shekara ɗaya ba, kyamara kuma kullum tana komawa kan tsohon a cikin 'yan kallo duk lokacin da aka zura musu ƙwallo.

A gasar da ta biyo baya an fitar da mu tun kafin wasan kusa da na ƙarshe, wata unguwa da ta yi haya ce ta ci mu. Malamin ya ajiye golan da Baba ya fi so ya sa ƙaramin yaro, har yau akwai masu ƙorafi a kai. Maganar Alhaji kuma tana nan, don ma'aikacin gwamnati ana iya ɗauke shi zuwa Gure ko Tanut da takarda ɗaya. Saboda haka muka sa a yarjejeniya cewa kulob zai biya wa kyaftin kuɗin kwas ɗin horarwa na hukumar ƙwallo ta ƙasa in an buɗe. An fara karo-karon, littafin yana hannuna, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya kan ɗan gida kuwa har yanzu ba su kawo nasu ba.