Yau na ga ja a cikin saiwar wakena

'Yan uwa, yau da safe na tuge wake guda daga fangalin nan da na yi a kan tulin ƙasar da masu haƙar ma'adinai suka bari, na fasa ƙululun saiwarsa da farce, sai ga cikinsa ja-ja. Wallahi na daɗe a tsugune ina kallo. Damina biyu ke nan ina neman wannan launi, don shi ne alamar cewa ƙululun suna aiki, suna samar wa wake naitirojin, wato abincin shuka, daga iska.

Bara takin yuriya mai ba da naitirojin na yi ta zubawa. Ganye ya yi kore shar na 'yan makonni, ruwa ya sauka sau uku, komai ya koma rawaya. Ƙasar ba ta da ruɓaɓɓen ganye ko kaɗan da zai riƙe naitirojin, duk ya bi ruwa ya tafi, kuɗin buhun kuwa har yanzu yana mini ciwo. Abin da ya fi ba ni haushi, daga baya na gane cewa yawan yuriya ma yana hana wake yin ƙululu, tunda ya samu naitirojin a sauƙaƙe.

Ashe tsami ne tushen matsalar. Da na auna, pH ɗin, wato ma'aunin tsamin ƙasa wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, bai kai 5 ba, kuma rizobiyam, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da ke sa saiwar wake yin ƙululu, ba ya son ƙasa da 5.5. Akwai dutsen nan mai ƙyalli, farait, a cikin tulin, wanda idan iska da ruwa suka same shi yake haifar da asid. Na zuba farar ƙasa, na cakuɗa, bayan wata guda na sake aunawa, tsamin ya dawo kamar ban yi komai ba. Sai da na maimaita sau uku kafin ya tsaya kusa da 6. Kada ku yarda da awo ɗaya.

Sannan na sa takin sufa kaɗan saboda fosfaras, na ɗebo ƙasa daga inda wake ya taɓa yin kyau na barbaɗa a kowane rami, don ƙasar haƙa ba ta da waɗannan ƙwayoyin.

Ba duka ne suka yi ja ba. Gefen gangare ƙululun farare ne, ƙanana, ba sa aiki tukuna. Ina zargin ruwa ne ya wanke farar ƙasar a can.

Bana ba zan kwashe harawar ba, zan sare ta in binne a wurin. Wanda ya taɓa fama da gangare irin wannan, yaya kuka tsare ruwan?