Ranar da na kira Inna a tsakiyar Paris

Wata bakwai ke nan da na baro Maradi, amma har yanzu in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙungiyar da ke koya mana Faransanci da dare ce ta kwashe mu zuwa wani gidan tarihi na kimiyya, dukanmu magidanta. Madam ta ce yau ba kaye ba alli. Aka zaunar da ni, aka ɗaura mini wani tabarau mai nauyi kamar kwalkwalin ɗan kabu-kabu. Ina buɗe ido sai ga ni ƙarƙashin teku. Ni da ban san wani ruwa ba sai Gulbi, shi ma sai damina ta yi kyau! Ina cikin kallon ƙananan kifaye sai wani da ya fi tirela girma ya nufo ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Wayyo Inna!" Na kai hannu neman abin kamawa, na caɓe rigar sanyin wata tsohuwar Baturiya. Shekarata 43, da furfura a gemu.

Ba su yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da a gida ne, da an yi ta tsokanata har a manta.

Yaron da ke kula da na'urar ya ba ni ruwa, ya ce allo biyu ne a ciki, kowane ido da hotonsa, shi ya sa abu ke fitowa da zurfi. Jirin kuwa, ido ne ke cewa kana tafiya, cikin kunne na cewa zaune kake. Na gane sarai, kunyar dai ba ta tafi ba.

Bayan mako biyu Madam ta kai mu ɗakin ƙasusuwa na Jardin des Plantes, ta ja ni gaban wani kada, ta ce in karanta. Sarcosuchus. Daga Gadufawa aka tono shi, cikin jihar Agadas, aka raɗa masa suna a 1966. Ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, tsawonsa ya kai mita 9. Na dafa ƙirji ina ta gaya wa ƴan Bangaladash ɗin ajinmu cewa namu ne. Ban dai faɗa musu cewa sau biyu na shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, zakuna da kuraye kawai na kalla na fito ba.

Da dare na kira gida. Inna ta saurari labarin duka, ta ce, "To kai me ya kai ka ruwa?" Yaya ya karɓi wayar ya fara lissafin tiyar gero da kuɗin lakwal. Ɗana na fari ne kaɗai ya tsaya kan kadan, wai haƙoransa nawa. Ban ƙirga ba. Na ce masa ran Lahadi zan koma, in an sallame mu daga wanke-wanke da wuri.